Karkashi Ya Dawo Gonarmu

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ina gajiya? Yaya maigida da yara, yaya ruwan Fatakwal? Mu nan Lafia kalau muke, sai kewarki.

Tun rasuwar Baba, Inna ba ta cin abincin kirki, duk ta rame. To, bana ƙungiyar manomanmu ta Adogi ta hana feshin ciyawa. Takin shanu muke zubawa, mu yi noma da gayya. Har gunaguni na yi, don bayana ya ji jiki.

Ashe feshin nan ne ya kashe karkashin da ke fitowa da kansa a gonar doya. Bana ya dawo! Na tsinko na kai gida. Inna ta shinshina, ta tashi da kanta ta hura wuta. Yaya, malmala biyu ta cinye, tana ba mu labarin yadda Baba yake suɗe kwano.

Ki taya mu addu'a damina ta yi albarka. A gaishe da su Ummi. Inna ta shanya miki naki, amma ta ce ba za ta ba direba ba, sai kin zo da ƙafarki.

Ƙaninki,
Sani