Rasuwar Injiniya Mode Na'Allah, Mai Kula da Rumbu

Cikin alhini mai nauyi da sallamawa ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Ma'aikatan Kwamfuta ta Birnin Sakkwato, ƙarƙashin jagorancin mai girma Shugabanta, Alhaji Bawa Attahiru, tana sanar da membobinta, da ofisoshi da makarantu da asibitocin da suke amfani da ayyukanta, da sauran jama'a baki ɗaya, cewa ta samu labarin rasuwar ɗaya daga cikin iyayen da suka kafa ta, kuma mai kula da manhajarta da ake kira Rumbu, Injiniya Malam Mode Na'Allah, wanda Allah Ya yi wa cikawa a gidansa da ke Minanata ranar Talata, 17 ga Maris, 1998, bayan ya sha jinyar ciwon sukari. Ya rasu yana da shekara hamsin da huɗu, ya bar matarsa, Malama Jamilatu Yari, da 'ya'ya biyar da jikoki uku. An yi masa sutura a wannan rana bayan sallar La'asar. Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma.

Ƙungiya tana sane da cewa wannan sanarwa ta makara da mako biyu, kuma tana roƙon iyalan marigayi su yi mata afuwa. Ba mantuwa ba ce. Marigayi ya tafi ya bar wani aiki a rataye, wanda mu ne sanadinsa, kuma bayanan rigakafin jarirai sama da dubu biyu na Tudun Wada suna kulle a cikinsa. Kwamitin Zartarwa ya ga bai dace mu fito muna yabonsa da baki ba alhali ba mu san yadda wannan aiki zai ƙare ba.

An haifi Malam Mode a gidan masu sayar da yadi na babbar kasuwa, ya kuma fara aikin gwamnati a matsayin ƙaramin akawu a ofishin ƙididdiga. A shekarun da arzikin mai ya buɗe, lokacin da ake ta sayen injuna fiye da yawan masu iya taɓa su, yana cikin 'yan ƙalilan da aka tura su koyo aikin kwamfuta, a zamanin da kwamfuta guda take cika ɗaki, ana ba ta umarni da kati mai huji. Ya dawo ya yi shekara ashirin yana hidima, gwamnati ta zo gwamnati ta tafi, shi yana nan kan kujerarsa da tabaransa da aka ɗaure da zare. Da ya ajiye aiki sai ya haɗu da mu muka kafa wannan ƙungiya a 1993.

Matasan ma'aikata ba za su tuna wahalar da ake sha kafin Rumbu ba. Idan kana son saka wata manhaja a kwamfutar ofishinka, sai a miƙo maka tulin faifai ba tsari, ka saka wannan ya ce sai da wancan, ka nemo wancan ya ce shi ma sai da wani, ka cire ɗaya sai ka tarar ka karya uku. Malam Mode ya zauna ya rubuta Rumbu domin ya ɗauke wa mutane wannan ciwon kai. Rumbu yana riƙe da jerin da ya nuna wace manhaja ke bukatar wace kafin ta yi aiki. Shi zai gaya maka faifan da za ka fara sakawa da wanda zai biyo, ya tuna abin da ya saka, ya kuma cire ba tare da ya taɓa na kusa ba. A yau kwamfutoci fiye da sittin ne a cikin birni suke dogara da shi. Sabuwar manhaja ba ta daina shigowa, saboda haka jerin ba ya daina canzawa, kuma marigayi ya fitar da gyararren Rumbu sau goma sha ɗaya a cikin shekara huɗu.

Duk wanda ya yi aiki da shi ya san Tsohuwa. Wata kwamfuta ce da ya tsinto a ɗakin ajiyar wani ofishi an jingine ta, jikinta ya yi jawur, mai nawa ce ta gaske, idan ka kunna ta kana iya zuwa ka yi alwala ka dawo ba ta gama farkawa ba, kuma da bazara sai an tsayar mata da fanka tata ita kaɗai. Dokar Malam Mode guda ce, ba ya fitar da sabon Rumbu sai ya bi da shi ta cikin Tsohuwa daga faifan farko har na ƙarshe, aikin da kan ci kwana uku idan wuta ba ta yi gardama ba. Hujjarsa ita ce, manyan ofisoshi ke samun sababbin injuna, ƙananan wurare kuwa abin da aka gaji da shi ake tura musu, don haka abin da Tsohuwa ta karɓa kowa zai karɓa. Mun sha yi masa ba'a a kan haka, muna kiransa mai jinyar Tsohuwa, shi kuwa sai ya gyara tabarau ya ci gaba da jiranta. Sau uku yana tashi a taron ƙungiya yana roƙon a ba shi mutum biyu su zauna da shi su koyi jerin nan da yadda ake gwaji, sau uku muna tafa masa muna ɗaga maganar zuwa taro na gaba, domin a ganinmu ai Malam Mode yana nan.

A watan Disamban bara, yana kwance a asibiti, Rumbu na sha biyu ya kammala, gwajin Tsohuwa kaɗai ya rage. Wasu manyan ofisoshi sun samu sababbin firintoci, injunan buga takardu, da ba sa aiki sai da sabon Rumbu, suna ta matsa mana lamba. Kwamiti ya zauna ya yanke shawarar a fitar ba tare da gwajin ba. Gaskiya ta wajaba a faɗa a nan: mai sa hannu a wannan takarda shi ne ya kawo shawarar, shi ne kuma ya ce wa mutane kwana uku ba za su canza komai ba. A sababbin injuna abin ya tafi sumul. A tsofaffi guda shida kuwa ya tsaya a tsakiya, injunan suka ƙi tashi. Biyar mun farfaɗo da su saboda masu su suna da kwafin ayyukansu. Na shida shi ne na wani ƙaramin asibitin haihuwa a Tudun Wada, inda ungozoma Hajiya Balaraba take ajiye sunayen jarirai da ranakun allurarsu, kuma ba ta da kwafi ko ɗaya. Tun daga lokacin ta koma dogara da katunan da iyaye mata suka adana da abin da suka iya tunawa, ga shi zafi yana ƙaratowa, lokacin da ƙyanda take yawo.

Da muka je muka gaya wa marigayi, mun shirya shan faɗa. Bai yi mana faɗa ba. Abin da ya tambaya kawai shi ne me injin ya rubuta a fuskarsa lokacin da ya tsaya, sannan ya ce kada kowa ya goge komai, sunayen yaran suna nan ciki. Wannan rashin faɗan ya fi mana zafi fiye da duk wata magana, kuma har yau muna jin kunyarsa. Makonnin da suka rage masa a duniya ya ƙarar da su ne a kan Rumbu na sha uku, wanda zai ƙarasa abin da na sha biyu ya bari a tsakiya ya buɗe injin asibitin.

Ranar sadakar uku, muna zaune a ƙofar gida cikin masu gaisuwa, Malam Abdullahi Yari, yayan matar marigayi, ya fito da gwangwanin biskit ya ajiye gaban Shugaba. Faifai tara ne a ciki da 'yar takarda daga Malama Jamilatu. A nan ne muka san abin da ya kamata mu sani tun da daɗewa. Idanun Malam Mode sun yi shekara biyu ba sa ganin rubutun kwamfuta. Malama Jamilatu, wadda malamar lissafi ce a makarantar 'yan mata, ita ce take karanta masa tana buga abin da ya faɗa, har jerin nan ya zauna mata a ka. Shekara biyu muna karɓar faifai da kyakkyawan rubutu a bayansu, alhali kowa ya san rubutun Malam Mode kamar tafiyar kaza yake, amma ba wanda ya taɓa tambaya. Takardar ta ce aikin ya kammala amma ba a gwada ba, kuma marigayi ya sa ta yi masa alkawari da waɗannan kalmomi: “Kada a kai ma kowa sai Tsohuwa ta aminta.” Ta ƙara da cewa ita kaɗai ta san yadda yake gwajin, ga shi tana cikin takaba, ba za ta bar ɗakinta ba sai bayan wata huɗu da kwana goma.

Kwamiti ya rabu biyu. Wasu suka ce a kai wa asibitin nan take, tunda aikin Malam Mode ne. Wasu suka ce a jira takaba ta ƙare. Kowanne da haɗarinsa, domin idan gyaran ya kuskure a injin asibitin sunayen sun tafi ke nan, idan kuma aka jira, bazara za ta wuce yara ba su samu allura a kan lokaci ba. Hajiya Balaraba da aka tuntuɓe ta ta ce ta yi haƙurin wata uku, za ta iya ƙara mako guda, amma kada a ambata mata wata huɗu. Bayan shawara da iyalan marigayi da limamin unguwa, aka tsaya a kan cewa tunda Malama ba za ta je wurin Tsohuwa ba, Tsohuwa ce za ta je wurin Malama. Ranar Asabar da hantsi mutum huɗu daga cikinmu, waɗanda duk sun sa kafaɗa a makarar marigayi ranar Talata, suka ɗauko ta da fankarta daga ofishin ƙungiya suka ajiye a zaure, mata suka shiga da ita. Malama Atika Mamman, membar ƙungiya, ita ta zauna tare da mai takaba.

A faifai na bakwai Tsohuwa ta tsaya cak. Da Malama Jamilatu ta bi jerin layi-layi, sai ta tarar an sa wata manhaja gaban wadda ya kamata ta riga ta, a cikin layukan ƙarshe da marigayi ya faɗa mata jikinsa ya riga ya yi nauyi. Ta tabbatar mana cewa da an kai shi haka nan, da ya rubuta a kan wurin da sunayen suke. Ta gyara, aka sake farawa daga faifan farko, kuma wannan karon ba wanda ya ce a yi sauri. Tsohuwa ta aminta, aka kai shi Tudun Wada, ranar Litinin, 30 ga Maris, injin asibitin ya tashi. Kafin azahar Hajiya Balaraba ta buga sunayen yara ɗari biyu da goma sha huɗu da lokacin allurarsu ya wuce, ta kuma aika da shafin farko Minanata, ta ce a nuna wa mai takaba.

Ƙungiya tana roƙon duk wanda yake riƙe da Rumbu na sha biyu ya dawo da shi ofis ya karɓi na sha uku.

A madadin mai girma Shugaba, Alhaji Bawa Attahiru, da Kwamitin Amintattu, da Kwamitin Zartarwa, da ɗaukacin membobi, muna miƙa ta'aziyyarmu ga Malama Jamilatu Yari, da 'ya'yan marigayi da jikokinsa, da Malam Abdullahi Yari, da dangin Na'Allah na babbar kasuwa, da jama'ar Minanata baki ɗaya. Allah Ya jiƙan Injiniya Malam Mode Na'Allah, Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarsa, Ya sanya aikin hannunsa cikin sadakar da ba ta yankewa. Allah Ya ba iyalansa haƙuri da juriyar wannan babban rashi, Ya raya abin da ya bari, mu kuma Ya yafe mana sakacinmu, Ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo.

Kwamiti ya roƙi Malama Jamilatu ta karɓi kula da Rumbu, ta kuma amsa ta bakin yayanta da sharaɗi guda, wanda ba sabo ba ne a kunnenmu: a ba ta mutum biyu su zauna su koya. Malama Atika ta riga ta fara. Na biyun zai jira takaba ta ƙare, kuma shi ne mai sa hannu a wannan takarda, wanda ya rubuta sunansa shekara uku bayan ranar da Malam Mode ya fara roƙo.

Garba Giɗaɗo
Sakataren Yaɗa Labarai
Ƙungiyar Ma'aikatan Kwamfuta ta Birnin Sakkwato
Alhamis, 2 ga Afrilu, 1998