A Mayar wa Motocin da Tsoronsu

Ni, Glenys Harrower ta garin Charters Towers, ina rubuta wannan da hankalina garau. Huhuna ne ya lalace, ba kaina ba. Zuwa ga 'ya'yana, Darcy da Tahlia.

1. Gidan naku ne ku biyu. Garejin a rufe shi. Shekara ashirin da uku mahaifinku Merv yana kwance ƙarƙashin motoci, ni ina gaban kwamfuta ina sake wa ƙwaƙwalwar injin saiti don ƙarin ƙarfi. Digirina na injiniya a nan ya ƙare, wajen taya ƙattin maza burge juna a bakin danja. Mun cire matatar hayaƙi daga motocin dizal ba adadi, muna gwada su cikin garejin, ƙofa a rufe don kada maƙwabta su kai ƙara. Ina zaton abin da na hana garin gani ne na shaƙa.

2. Tsohuwar kwamfutar hannuna ta Tahlia ce. A ciki akwai saitin asali na kowace mota, yadda ta fito daga kamfani. Kuskurena, ban sa wa fayilolin lambar mota ba, sai laƙabin masu su: Ɗan Giya, Mai Kare Uku, Surukin Bev. Lokacin abin dariya ne. Idan aka ɗura wa mota fayil ɗin da ba nata ba, ƙwaƙwalwarta ta mutu. Na rubuta waɗanda na tuna a bayan kalandar kicin, talatin da ɗaya cikin hamsin da takwas. Sauran sun tafi.

3. Ga dalilin. Kamfani ya koya wa mota tsoro: idan injin ya yi zafi, sai ta rage ƙarfi da kanta, ta tilasta maka tsayawa. Masu jan tirela sun tsani haka. Wal Pickering, mai kiwon dawaki, ya ce mini, "Haba Farfesa, motar nan ta fi matata tsoro, cire mata shi mana!" Na cire. Bara a kan hawan dutsen Hervey, da dawaki biyu cikin tirela a baya, injinsa ya kama wuta ba tare da ko fitila ɗaya ta yi gargaɗi ba. Dawakin sun ƙone, hannun Wal na dama bai sake moruwa ba. Ya zo asibiti duba ni da inabi. Gara da zagina ya yi.

Tahlia, ki bi mutanen nan ɗaya ɗaya, ki mayar musu da saitinsu kyauta. Rabinsu za su kore ki. Ki je duk da haka.

4. Darcy, motarka ce ta farko a kalandar, kuma ita na fi tsananta wa saiti, don kai ɗana ne kuma na so in burge ka. Da ita kake jan tirelar da kuke kwana a ciki lokacin hutu, jikokina biyu a kujerar baya. Sau uku na roƙe ka ka kawo ta in mayar mata da saitinta, sau uku ka ce, "Tsohuwa, aikinki ne fa, ba ki yarda da hannunki ba?" Ban yarda da shi ba. Agogon mahaifinka da akwatin kayan aikinsa suna wurin lauya, za ka karɓe su ranar da Tahlia ta shaida an mayar da motarka yadda take. Na san ka. Za ka iya barin agogon ya yi tsatsa a can.

5. Gabar da kuke yi tun ranar da Tahlia ta ce maka mai kisan kai, saboda ɗaukar yaran a motar nan, a wurin gashin naman Kirsimeti ta isa haka. Ni ya kamata ta gaya wa, sai ta ga ina jan bututun iska ta tausaya.

Ban saba da coci ba, amma Allah ya yi muku albarka, ya tsare yaran. Ku riƙe juna, ba ku da kowa bayan ni. A hanyar maƙabarta ku shiga mota ɗaya, ta Tahlia. Yaran ma a tata.