Albashin Jinyar Inna

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Inna.

Bayan gaisuwa irin wadda ta kamaci ɗiya ga mahaifiyarta, ina fata kina cikin rahamar Ubangiji. Yau wata bakwai ke nan da aka kai ki makwancinki a Faskari. Na san ba za ki karanta wannan ba, amma akwai maganar da ta hana ni sakat.

Lokacin da ɓarin jikinki ya shanye, ina Ƙanƙara ina ɗinki, da shi nake riƙe marayuna biyu. Yaya Sani ya kira ni daga Kaduna, ya ce shi ba zai iya barin aiki ba. In rufe shago in dawo gida wurinki, zai riƙa turo mini wani abu duk wata. Na karɓa, Inna. In ban karɓa ba, me yaran za su ci? Roƙo ɗaya na yi mishi, kada ki ji.

Shekara ɗaya da rabi ina yi miki wanka, ina juya ki don kada bayanki ya yi gyambo, ina ba ki kunun tsamiya da cokali. Duk sanda na gama shafa miki man kaɗanya sai ki ce, "Allah ya yi miki albarka, Dije." Ban taɓa jin na gaji ba.

Sai ranar Babbar Sallah, da Yaya ya zo da iyalinsa. Ɗaki cike da dangi kika nuna ni da hannunki mai lafiya, kika ce, "Ni dai ɗiya ɗaya na haifa, ga ta nan." Maganar ta soke shi. Ya yi dariya ya ce, "Haba Inna, ai biyanta nake yi. Ko wata ɗaya ban taɓa tsallakewa ba."

Kika dube ni. Na sunkuyar da kai.

Tun daga ranar ba ki ƙara sa mini albarka ba, ko sunana ba ki ƙara kira ba. In maƙwabta suka zo duba ki sai ki ce, "Ma'aikaciyar Sani, ba su ruwa." In na ɗauke fon da kika yi bayan gida sai ki tambaye ni, "Wannan nawa ne?" Kin sha ture kwanon kunu da gangan, kina kallona ina gogewa, ki ce ai an biya. Wata huɗu ina haɗiyewa. Na yi miki rantsuwa ko ba sisi zan zo, kika juya fuska bango.

Kina tuna ranar nan ta bazara? Na fito da ke gindin dalbejiya ki sha iska. Inuwa ta gusa, rana ta sauka kanki, ga shi kin ɓata jikinki. Kika ce, "Ke, zo ki gyara ni."

Na ce, "Wannan watan ba a turo ba."

Ƙarya nake yi, Inna. Da safiyar ranar alat ɗin kuɗin ya shigo wayata. Na zauna bakin ƙofar ɗaki ina ɓarar gyaɗa, ina kallon ƙudaje suna taruwa, har aka kira azahar. Ba ki yi kuka ba, ba ki sake kirana ba. Da hannu ɗaya kike ta jan zanen don ki rufe cinyarki, yana zamewa, kina sake ja. Da na zo na ɗauke ki, kin fi kullum rashin nauyi.

Daga nan ba ki ƙara neman komai a wurina ba, ko ruwa. Kwana goma sha biyu kika ƙara a duniya.

Bayan sadakar bakwai Yaya ya miƙo mini ambulan. Ya ce watan bai cika ba, don haka na kwanakin da na yi ne. Ya ce in ba shi makullin gidanki, ɗan haya zai sa. Na koma Ƙanƙara na tarar an ba wani shagon.

Gwaggo Talatu, ƙanwarki, da ta yi miki wanka na ƙarshe, ta fito tana faɗa wa mata ko ƙurji ɗaya babu a bayanki. Har yau in ana zancen jinya daga Faskari zuwa Tafoki, da ni ake misali. Ana yabona, ni kuma ina cewa amin.

Ke kaɗai kika san abin da ya faru, kuma ba ki faɗa wa kowa ba. Ban sani ba ko asirina kika rufa, ko ajiye maganar kika yi sai mun tsaya gaban Allah.

Innata, ni na yafe miki. Allah ya gafarta miki, ya yalwata kabarinki, ya haskaka shi. Allah ya sanyaya zuciyarki a kaina kafin in iso.

Ɗiyarki,
Dije