Kun Rufe Mani Asusun Hirar Ofis, Kun Rufe wa Matata Asibiti

Zuwa ga Manajan Darakta na kamfanin da na yi wa aiki har na yi furfura.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan aiki da iyali suna lafiya. Na rubuto a fili ne saboda sauran hanyoyin duk kun toshe su.

Na ɗaya. Kun fito da manhajar asibitin ma'aikata, kuka ce an daina kati, ta waya za a riƙa neman ganin likita. Masananku suka ga riƙe lambar sirri wahala ne, sai suka ɗaure shiga manhajar da asusun da muke hirar ofis da shi. Ka danna, ka shige. Aka yi tafi a taro, har da ni.

Na biyu. Dokar kamfani ta ce ranar da mutum ya yi ritaya a rufe masa wannan asusu. Wata dokar ta ce ɗan fansho da matarsa suna da haƙƙin asibiti har ƙarshen rai. Duk digirin da ke jibge a sashen masanan naku, an rasa mutum ɗaya da ya karanta dokokin biyu a zama guda.

Na uku. Matata Hajiya Binta tana da ciwon suga, ga miki a yatsan ƙafa. Na ɗauko ta a kurkura, wato adaidaita sahu, daga Ƙofar Guga. Ma'aikaciyar asibitin ta san mu, har jikoki ta tambaya, amma ta ce na'ura ba ta san mu ba. Muka koma gida ko wanke mikin ba a yi ba. Da na zo ofis, aka ce in shigar da ƙorafi ta cikin manhajar, wadda ta hana ni shiga! Wani mai tausayi kuma ya ce in ari asusun wanda ke bakin aiki, wato a duba Binta da tarihin jinyar wani ƙato.

Ina roƙon a buɗe wa 'yan fansho hanyar shiga da lambar waya. Kafin nan, a umarci asibiti ya karɓi tsohon kati yau, ba bayan zaman kwamiti ba. Yatsan ya fara baƙi, kuma likitan unguwarmu ya ce in aka ƙara jinkiri yankewa za a yi.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya kai ka ritaya, ya sa ka tarar an gyara.

Wassalam.

Malam Lawal, tsohon ma'aikacin sito, Katsina.