An Ƙirga Mutane, Ba Wanda Ya Tuna Da Ni

Anti, don Allah ki taimake ni, abin nan ya tsaya min a rai, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa.

Ni ɗaliba ce, bana na zo karatun jami'a a ƙasar waje. Ranar da zan taho Umma ta riƙe hannuna ta ja min kunne: kar in buɗe wa kowa ƙofa, kar in ba da lambata, in na ji hayaniya in kulle in yi shiru. Haka muka taso. A gidan kwanan ɗalibai ɗakina ne na ƙarshe a saman bene, daga aji sai ɗaki. Akwai maƙwabciyata mai fara'a, kullum sai ta gaishe ni, ni kuwa in gyaɗa kai in wuce. Ko sunanta ban sani ba. Sai in wuni ban ji muryata ba in Umma ba ta kira ba.

Makon jiya da yamma ƙararrawar gobara ta kama ihu. Na ji gudu, ana ta dukan ƙofofi. Ni kuwa na murza makulli, na ja labule, na lafe a bayan gado. Ashe kicin ɗin ƙasa ne ya kama. Sai da hayaƙi ya fara shigowa ta ƙasan ƙofa na gane wautata. Allah ya sa an kashe wutar da wuri.

Ba wutar ce ta fi ci min rai ba. Daga baya na ji an ƙirga mutane a waje, aka ce kowa ya fito. Ba wanda ya tuna da ni. Na yi kuka har kaina ya yi ciwo. Ban faɗa wa Umma ba, don cewa za ta yi in dawo gida. In saɓa mata ne, ko in ci gaba a haka?

Mai ɗakin ƙarshe

Ƙanwata, sannu, Allah ya tsare gaba. Umma ba ta yi laifi ba, taka-tsantsan da baƙuwar fuska wajibi ne. Amma makulli ɓarawo yake hanawa, ba ya hana hayaƙi. Burinta ki dawo mata da ranki.

Gobe ki je wurin masu kula da ɗakunan, su nuna miki matattakalar fita da wurin taruwa, ki taka da ƙafarki ki gani. Ki gaya musu sun tsallake ki a ƙirga, wannan sakacinsu ne. Ki ajiye lambar masu tsaron makaranta a wayarki. In ƙararrawa ta sake kaɗawa, ko takalmi kar ki tsaya nema.

Sannan ki ƙwanƙwasa wa maƙwabciyar nan. Ban ce ki zazzage mata cikinki ba. Ki tambayi sunanta, ki faɗa mata naki, ku yi musayar lamba. Bayan kin yi waɗannan sai ki faɗa wa Umma gaskiya, ta ji ciwon da maganinsa tare.

Allah ya ba ki sa'ar karatu, ya sa in an sake ƙirga a sami mai cewa a dakata, ta ɗakin ƙarshe ba ta fito ba.