Auren Malalaci

Zuwa ga 'yata, autar gida,

Ina gaishe ki da kyau, ke da maigidanki. Yaya nauyin jiki? Allah ya sauke ki lafiya. Ni ma kalau nake, ban da gwiwar nan da ta riga ni tsufa.

Takardarki ta iso. Kin ce cikin nan ba ya son komai sai fiyar gidanmu, wadda mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta, take aiko miki a kwali duk shekara. Fure kam bishiyar ta yi, kullum sai na share tsakar gida sau biyu. 'Ya'ya dai tukuna. Ki ƙara haƙuri, wataƙila bana ta makara ne.

Naki,
Baba

'Yata,

Da fatan kina lafiya, kumburin ƙafar kuma ya sauka.

Wancan karon ban gaya miki gaskiya duka ba. Kin tuna icen fiya biyu ne a gidan nan: na mahaifiyarki mai cika kwando, da na bakin rijiya wanda ba ya ba da ko biyar a shekara. Shi ta sa wa suna Malalaci, wai ni ne, ba ya komai sai inuwa da zubar da ganye. Shekara talatin ina cewa zan sare shi, tana cewa in ƙyale mata mijinta, yana da aikinsa. Ban taɓa tambaya wane aiki ba. Na ɗauka tsokana ce.

Wata huɗu bayan rasuwarta na sare shi. Na ce wa maƙwabta saiwarsa ce ke fasa katanga. Katanga lafiyarta lau. A ƙarƙashinsa take shimfiɗa tabarma ta yi ɗinkinta, ni kuma na kasa wucewa ta wajen.

Jiya na kira malamin gona. Da ya ga kututturen sai ya cire hula ya sosa kai. Ya ce furen icen mahaifiyarki da safe yake buɗewa ya jira garin fure, nasa garin kuwa ba ya fitowa sai yamma, lokacin mai jira ya rufe. Malalaci ne yake da garin safe, ƙudan zuma su kwasa su kai. Ashe duk kwandon da muka ci, da hannunsa a ciki. Mahaifiyarki ba ta shiga aji ba, amma ta zauna ta kalli ƙudan zuma. Ni ina can ina wasa gatari.

Fiya uku icen ya riƙe bana. Biyu sun faɗi tun suna kamar ƙwan tantabara. Ɗayar na sa mata 'yar jaka saboda tsuntsaye. Ki yafe mini.

Babanki

'Yata,

Barka da arziki, Allah ya raya mana ita. Na gani a takardarki an mayar mata da sunan kakarta. Na karanta wajen sau uku, tabarau yana ta yi mini hazo.

Kututturen Malalaci ya yi toho, ko kunya babu. Malamin gona ya yanko ɗaya, ya tsaga reshen icen mahaifiyarki da ke kallon rijiya, ya cusa, ya naɗe da leda. Ya ce wannan shi ake kira aure. Na ce masa na sani, ai na taɓa yi, kuma da ita ɗin dai.

Ya ce sai shekara uku kafin reshen ya yi fure. Ya dubi sandata, na dubi sandata, muka koma maganar taki.

Ga fiyar nan guda ɗaya a kwali, na naɗe ta da ɗankwalin mahaifiyarki. Ta zo a makare, amma ki ci.

Abu ɗaya nake roƙo. In na riga furen tafiya, ki gaya wa duk wanda ya zauna gidan nan: reshen da ke kallon rijiya ba zai ba da komai ba. A ƙyale shi, yana da aikinsa.

Ki shafa mini kan jaririya.

Naki,
Malalaci