Ga Kaina ko ga Wani

Assalamu alaika, Habu.

Ina gaishe ka gaisuwar da ba a amsawa. Na san ba za ka karanta wannan ba. Da ranka ma ba ka karanta takarda, ni kake miƙo wa.

Gidanka na unguwar Ainu Shams, nan Masar, ya zama naku. An gama haya, yanzu tamlik ne, mallaka. Mai gidan ya tsufa, zai koma wajen 'yarsa a Iskandariyya, ya ce wanda ke ciki zai sayar wa. Ɗanka Yasir ya turo abin da ake nema daga Jidda, amma aiki bai sake shi ba. Matarka Ummu Yasir tana takaba. Wa ya rage? Ni, kamar kullum.

Wata uku ina hawa jirgin metro da jakar takardu, daga wajen lauya zuwa ofishin rajista, yau hatimi, gobe ma'alish, wai a yi haƙuri. Gwiwata ta dama ta gaji da matakalar ofisoshi.

Ka tuna wa ya samo gidan nan? Ni na gan shi, ni na yi ciniki, ni na kira ka daga ɗakin ɗalibai ka zo mu zauna tare. An sa sunanka a takardar haya don iƙamata, takardar izinin zama, ta ƙare a watan. Wata ɗaya tak, Habu. Da ka auri 'yar Masar na kwashe littattafaina na koma unguwar Darrasa, ina yi maka murna da baki. Shekara talatin da wani abu kuɗin hayarka na tsohon tsari bai ƙaru ba, ni kuwa na sauya ɗaki sau tara. Kai mata, kai 'ya'ya masu takardar ƙasa, kai baranda mai iska. Me ka fi ni? Nahawu ni na koya maka.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Mai gidan ba ya iya bin layi, sai ya yi mini tawkil, wato wakilci, kuma a ciki an rubuta cewa ina iya sayar da gidan ga kaina ko ga wani. Ranar cika takarda lauya ya tambaye ni sunan wa zai sa, ko ɗago kai bai yi ba. Na ce masa bari in yi Azahar in dawo.

Na idar da salla na kasa tashi. Wallahi har na zaɓi ɗakin da zan jera littattafaina. Na ce ai ba zan kore su ba, sunan kawai zai dawo inda ya kamata tun farko. Na nemi laifinka ɗaya da zan jingina da shi, ban samu ba. Kowace Juma'a a gidanka nake cin abinci. Da aka yi mini aikin ido kai ka kwana uku a kan kujerar asibiti. Ka san wannan ya fi komai ci mini rai? Ko dalilin ƙinka ba ka bar mini ba.

Na koma na faɗa wa lauya sunan matarka, harafi bayan harafi, don kada a yi kuskure. Kada ka ce kirki ne. Tsoron haɗuwa da kai ne a ranar da babu lauya.

Ka yafe mini zaman nan na masallaci. Allah ya yalwata maka kabarinka. Na san ko a can riga ni za ka yi samun gida. In haka ne, ka bar mini ko soro ne.

Sai na iso.

Abokinka da har yanzu ke haya,
Sani